Yadda na gano inda ruwan gidanmu yake zurarewa

Wata biyu a jere kuɗin ruwanmu a nan Bauchi yana hauhawa, alhali ba a ƙara ko mutum ɗaya a gidan ba. Da farko yara na ɗora wa laifi, daga baya na ce mitar ce ta lalace. Ashe duk ba haka ba ne.

Ranar da aka kawo ruwa, bayan tankin sama ya cika, na rufe famfuna duka, na ɗaga murfin mita. Baƙaƙen lambobin nan kowane ɗaya lita 1,000 ne, jajayen kuma su ke ƙirga abin da bai kai haka ba. Na kwafe su a takarda da ƙarfe 10 na dare. 'Yar tauraruwar da ke tsakiya, wadda ba ta motsi sai ruwa na wucewa, tana ta juyawa a hankali. Bayan sallar asuba na sake dubawa: lita 180 ta tafi, kowa yana barci.

Sai na bi makunnan bututu ina rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ina rufe na banɗakin baƙi, tauraruwar ta tsaya cak. Na zuba bula a tankin masai, na jira minti 15 ban ja ruwa ba, sai ga ruwan kwanon ya yi shuɗi. Robar da ke toshe ƙasan tankin ce ta ƙeƙashe. Na sa sabuwa, na kuma sauke ƙwallon da ke tsayar da ruwa yadda ruwan zai tsaya ƙasa da bakin bututun ambaliya da kamar inci ɗaya.

Daren da ya biyo baya lambobin ba su motsa ba. Alhamdulillahi, yaran ma na ba su haƙuri.