Yadda za ki tsara gorunan ruwa da abincin tara na 'yan makaranta

A gidan da yara huɗu ko biyar ke fita kafin ƙarfe bakwai da rabi, rigimar safe ba ta wuce uku. Wannan na kuka, "Inna, wagga gora ba tau ta ba!", wancan na neman murfi a ƙarƙashin gado, ke kuma kin buɗe ta ukun kin ji tana tsami. Duk rigingimun nan tun da dare ake kashe su, bayan sallar isha'i, cikin minti goma sha biyar.

A fara daga saye, kuma tunda galibi maigida ne ke shiga kasuwa, a karanta masa nan. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne ledar fiya wata, rabin lita ke nan. 'Yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku gora mai cin leda ɗaya ta ishe su, manya kuma mai cin leda ɗaya da rabi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi da Gusau kan haura digiri 40, a ƙara wa kowa leda guda a jaka. Kada a ce don zafi a rataya wa ɗan shekara biyar gora mai lita biyu. Litar ruwa kilo guda ce cur, ga littattafai, kafin ya kai makaranta kafaɗa ta sage.

A zaɓi mai faɗin baki wadda soso zai shiga. Mai siririn bututun zuƙa a ciki tana burge yara, amma ba ta wankuwa, nan datti ke kwana. A juya ƙasan gorar a duba lambar da ke cikin 'yar alama mai kusurwa uku: 5 ko 2 roba ce mai jure wanki da ruwan ɗumi. Mai lamba 1 ita ce irin ta lemo da ruwan kanti, ba don dogon amfani aka yi ta ba, ruwan zafi na taɓa ta za ta lanƙwashe. Dabarar da ta fi kowace ita ce a sayi iri ɗaya, kamfani ɗaya, launi ne kawai zai bambanta, a ƙara guda a ajiye. Ranar da murfi ya ɓata ko gora ta fashe, na wannan zai hau wancan.

Kafin a ba yaro sabuwar gora, ki cika ta, ki rufe, ki kife ta kan busasshen ƙyalle ki girgiza. In ta ɗiga, duba zoben robar da ke cikin murfi, wataƙila bai zauna daidai ba. Gara ki gani a gida da ki gani a littafin lissafi.

Suna kuwa wuri biyu ake sa shi, jikin gora da kan murfi, domin murfin ne ya fi yawo. Tawadar maka kaɗai ba ta kai mako, gumin ruwan sanyi da sabulu za su cinye ta, sai an manna farin salatif a kai ya zagaye gorar ya hau kansa. Jan farce ya fi daɗewa. Ga wanda bai iya karatu ba tukuna, ɗaura zare mai launi a hannun gorar, ki ɗaura irinsa a kularsa da jakarsa. Ko a gidan da ɗakuna uku ke tura yara makaranta ɗaya, launi ya raba gardama.

Wanki shi ne inda aka fi sakaci. Kurkure gora da ruwa ba wanki ba ne. Yaro na sha yana mayar da yawu da burbushin ƙosai ciki, zafi ya dafa su wuni guda, shi ne santsin nan da kike ji in kin zura yatsa. Kullum da dare a zubar da ragowar ruwa, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi. In hannu ba ya shiga, zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ɗigon ruwan sabulu da ruwa kaɗan, ki rufe ki jijjiga na minti ɗaya, ƙwayoyin za su kankare bangon. Sannan ki sa bayan ƙaramin cokali ki ɓanɓaro zoben robar murfin. Wadda ba ta taɓa cirewa ba za ta sha mamaki: baƙin layin da ke kwance ƙarƙashinsa fumfuna ce, kuma ita ce tushen warin da aka wanke gora sau uku bai fita ba. Tsohon buroshin haƙori ya isa aikin.

Sau ɗaya a mako, ranar Asabar misali, a jiƙa gorunan roba da murafensu cikin ruwa mai Hypo, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya, minti biyar, a ɗauraye sosai har warin ya tafi. Ba a haɗa Hypo da wani maganin wanki. Gorar ƙarfe kuma ba a sa mata shi, yana cin ƙarfe. Ruwan zafi da cokalin bekin soda ya wadatar. A kife su cikin kwando ɗaya su bushe, murafe a ƙaramar roba gefe. Gorar da aka rufe da laima ko ta sha wanki sai ta yi wari. Da hunturu a yafa wa kwandon ƙyalle saboda ƙura.

Idan akwai wuta, zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, ki kwantar da gorar a firiza ba tare da ruwan ya toshe bakinta ba, da safe ki cika. Kada a cika ta fal a daskarar, ƙanƙara na kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma, ita ke tsaga gora. Mai riƙe sanyi ta ƙarfe ba ta shiga firiza. Idan babu wuta, ruwan randa da tsohuwar safa mai tsabta da aka jiƙa aka sa wa gorar za su kai shi tara, amma a rataya ta a wajen jaka. Ƙanƙarar saye ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, musamman da damina lokacin amai da gudawa, don haka a jikin gora za ta tsaya, ba a ciki ba. Ruwan rijiya a tafasa shi tun dare ya huce.

Gorar ruwa ta ruwa ce. Kunun aya a zafin bazara ba ya kai azahar, zai yi tsami ya cika gora da iska har ya tunkuɗe murfi. Zoɓo na rina roba. In za a ba su, a sa a ƙaramar gora daban, daskararre, a sha da tara.

Sai kular abinci. Sunan ne kawai tara, yawancin makarantu sai wajen goma ake fita, wato abincin da aka zuba ƙarfe bakwai zai yi awa uku a jaka. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Shinkafa ta fi komai saurin juyawa, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashewa, tana jiran abinci ya yi ɗumi-ɗumi ta yaɗu. A ƙasar da ake noman shinkafa daga Argungu har Suru ba za a hana yaro garau-garau ko dafa-duka ba, sai dai a yi masa dabara: cika kular da tafasasshen ruwa, rufe minti biyar, zubar, sannan ki zuba abincin yana tururi ki rufe nan take. Ki cika ta sosai, kular da ke rabi tana saurin hucewa. Mai da yaji a ƙulla daban. Abin da aka soya, irin su ƙosai, awara da dankali, akasin haka ne: a bari tururin ya fita kafin a rufe, in ba haka ba su jiƙe su yi laƙwas.

Abin ba-zata kuma ba ya son kuɗi, kuma ba ya son yawa. Sau biyu a mako, ranakun da yaro bai sani ba. In ya zama kullum ya koma haƙƙi, ranar da babu sai kuka. Tsaga dabino ki cire ƙwallon ki cusa soyayyar gyaɗa biyu a gurbinsa. Yanka awara da bakin ƙaramin kofi ta fito kamar wata, ko ki zana ido da gashin baki da fensir a ɓawon dafaffen ƙwai. Gutsuren kantu, ƙuli-ƙuli mai zobe, tuwon madara guda biyu, dambun nama cokali ɗaya a ƙulle a ɓoye ƙarƙashin biredi, ko 'yan magarya da kanya in lokacinsu ya zo. A sa ɗan ƙari, domin ba yaron da ke buɗe kula shi kaɗai.

Wanda bai kai shekara biyar ba kada a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, ko abu mai ƙwallo, ko a soke masa abinci da tsinken sakace. Yana ci yana guje-guje, shaƙewa ba ta sallama. Kada a naɗe abin mai a jarida ko tsohuwar takardar jarrabawa, tawada na bin mai. Kuɗin tara a aljihu, ba cikin kula ba.

Wanda ya fi duka aiki, a ganinmu, ba na ci ba ne. Rubuta kacici-kacici a 'yar takarda, ki sa a leda ki manna a cikin murfin jakar abinci: "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba." Ko "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ajin gaba ɗaya zai taru a kai. Amsar tana wurinki, kuma sharaɗin jin ta shi ne a dawo da gora da murfinta, ruwan ya ƙare, a sa ta cikin kwando da hannu. Ƙaramin da bai fara haɗa baƙi ba a zana masa kifi ko kyanwa, yayarsa ta karanta masa tambayar a hanya.

Kafin ki wanke kular, leƙa abin da ya dawo. Abincin da ya dawo sau uku a jere a canza shi ko a rage yawansa. Gorar da ke dawowa cike kullum kuwa, ki ba yaron ya buɗe ta a gabanki. Sau da yawa murfin ne ya fi ƙarfin hannunsa, yana jin kunyar roƙon malama.