Hoton Tsakar Rana a Gidan Abinci na Bakin Hanya: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Kusan duk mako sai an turo mini irin hotunan nan. Mutum yana kan doguwar tafiya, yunwa ta tsayar da shi a wani gidan abinci na bakin hanya wajen ƙarfe ɗaya na rana, ginin ya burge shi, ya zaro kyamara ko waya ya yi ta dannawa, da daddare kuma ya jibgo mini su da tambaya guda: "Yaya ka gani?" Abin da nake gani bai cika canzawa ba, har na haddace amsar. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in nuna masa nan in huta.

Da farko a daina ɗora wa rana laifi. Sabbin shiga sun riƙe cewa hoto na hantsi ne da la'asar sakaliya, in rana ta take sai a mayar da kyamara jaka. Gaskiya ne hasken waɗancan lokuta ya fi laushi, ta gefe yake zuwa, yana fito da siffar abu. Amma matafiyi ba shi ke zaɓa wa kansa lokaci ba, kuma gidan abinci da tsakar rana yake da rai, motoci a jere, mutane na shige da fice. Stephen Shore, Ba'amurken nan da ya yi ta zagaya ƙasarsa a shekarun 1970 da ƙatuwar kyamara mai fim inci 8 da 10, yana ɗaukar gidajen mai da mahaɗar tituna da wuraren cin abinci, hotunansa da dama rana ta ƙwalle ya ɗauke su. Ya san halinta ne kawai, ku kuma ba ku tsaya kun koya ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, domin ni ma ya taɓa kayar da ni, shi ne yarda da allon kyamara a cikin rana. Shekarun baya wani mai gidan abinci ya ba ni aikin ɗaukar gaban shagonsa, zai buga a takardun talla. Wurin tafiyar awa huɗu ne daga inda nake. Na isa rana ta raba tsaka, bango fari sol da sabon fenti, sunan wurin an rubuta shi da ja a kan farin allo, ƙarƙashin rumfa kuwa duhu. Na ɗauka, na duba allon kyamara, sai na ga kamar hoton ya yi duhu. Na ƙara haske. Na sake dubawa, har yanzu dishi-dishi, na sake ƙarawa. Ban lura ba cewa rana ce take dusashe allon, idona kuma ya ƙanƙance saboda ƙyalli. A JPEG na ɗauka, wato tsarin ajiye hoto da yake matse shi ya zama ƙarami, wai don kada kati ya cika. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, sai gumi ya karyo mini. Bango da allon suna da sararin sama duk sun haɗe sun zama farar takarda, jan rubutun ya koɗe kamar ya shekara goma a rana. Na kwana ina jan maɓallan gyara, fari ya koma toka, amma ko layin bulo ɗaya bai dawo ba. Washegari na kira mutumin na ba shi haƙuri, na sake yin tafiyar nan da man motata. Aikin da ya kamata in ci riba, na fita da asara da kunya.

Abin da yake faruwa a cikin kyamara ba shi da wuyar ganewa. Ma'aunin haskenta bai san bango ba, bai san rumfa ba. Duk abin da ka nuna masa so yake ya mayar da shi toka-toka, wato launin da yake dawo da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In rabin hotonka duhun rumfa ne da baƙar kwalta, zai buɗe don ya haskaka su, fararen wurare su ƙone. A JPEG kuwa kowane ɗaya daga ja, kore da shuɗi matakai 256 gare shi, daga 0 zuwa 255. Wurin da duka ukun suka buga 255 ya mutu, ba a ajiye komai ba, babu manhajar da za ta tono abin da ba a ajiye ba. Inuwa ita tana da haƙuri, ko ta yi duhu ana iya ɗago ta, sai dai ta zo da 'yan ɗige-ɗige.

Tun daga ranar na daina tambayar allo ko hoto ya yi. Na kunna gargaɗin nan mai sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa, kuma ina duba histogiram, wato jadawalin da yake nuna yadda haske ya rabu a hoton. In tudun ya je ya jingina da bangon dama, na rage. A rana tsaka ma ba na jira, kafin in ɗauki na farko na riga na rage haske kashi biyu cikin uku na mataki, wani lokaci mataki guda (mataki guda a nan shi ne ninka haske ko raba shi biyu). A RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, domin shi matakai 4,096 ko 16,384 yake riƙewa, gwargwadon kyamara, ka ga akwai wurin juyawa. Sannan ina riƙe da tsohon lissafin masu fim a ka: in rana ta fito sosai, ƙofar haske a f/16, ISO (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) a 100, saurin ƙiftawa wajen 1/125 na daƙiƙa. Ni f/8 da 1/500 nake sawa, haske ɗaya ne, kuma yawancin gilasan kyamara sun fi kaifi a nan, f/16 yana ɗan tausasa hoto. In na ga kyamara ta ce f/8 da 1/125 alhali bangon da nake ɗauka rana tana dukansa, na san inuwa ta yaudare ta har mataki biyu. A kula da jan allo musamman: ja yana iya ƙonewa shi kaɗai, jadawalin gaba ɗaya bai nuna ba, sai ka buɗe mai launi uku.

Ɗan'uwan wannan kuskure yana cikin ɗakin cin abincin. Ka zaunar da abokin tafiyarka, ƙatuwar taga a bayansa, kana so fuskarsa ta fito, motocin waje ma su fito. Tsakanin ranar waje da hasken ciki akwai mataki bakwai ko takwas, kowane mataki kuma ninki ne, wato waje ya fi ciki haske fiye da sau ɗari. Zaɓi ɗaya. Ni juya mutum nake yi taga ta koma gefensa, hasken ya shafi rabin fuskarsa, kuma babu fitilar situdiyo da ta fi wannan kyau. In kuwa wajen nake so, sai in bar shi ya zama baƙar siffa da gangan. Abin da ba na yafewa shi ne a jawo HDR, dabarar nan ta fito da wurin haske da na duhu tare, har ƙarshe, a kawo mini hoton da babu inuwa ko ɗaya, kowane abu da farin rawani a gefensa. Wasu suna so. Ni da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fuska a waje kuma, rana tana bisa kai, kwarmin ido ya yi baƙi, inuwar hanci ta sauka a leɓe, mutum ya yamutsa fuska kamar an ce ya biya bashi. Ja shi zuwa bakin rumfa, yana cikin inuwa yana kallon waje, shi ke nan. In dole sai a rana, kunna filash ka rage ƙarfinsa mataki ɗaya ko fiye, ka tuna yawancin kyamarori ba sa tafiya da filash in ƙiftawa ta wuce 1/200 ko 1/250.

Sauran ƙanana ne, ba sai na ɓata yawu ba. Filtar CPL, wadda ake ɗaurawa a bakin kyamara ana murɗawa, tana cire ƙyallin gilashi da na fenti, amma ba ta iya tsiraren ƙarfe ba, kada ka yi ta murɗa ta a gaban bangon ƙarfe mai sheƙi, kuma a gilashi mai faɗin gani tana sa sararin sama ya yi dabbare-dabbare. In ka ɗaga bakin kyamara sama gini zai kwanta baya, ja da baya ka riƙe ta daidai. Fitilar talla da take haska dare ba komai ba ce da rana, bar ta. Hasken rana wajen digiri 5,500 yake a ma'aunin Kelbin, inuwa ta haura 7,000 ta yi shuɗi, ƙwan fitila mai rawaya wajen 3,000, in suka haɗu a hoto ɗaya ka daidaita fari a kan fuskar mutum, sauran su yi yadda suka ga dama. Goge gilashin kyamara, maiƙon yatsa a rana hazo yake zama. Dubi falwayar da ta tsiro a kan abokinka. Dubi kanka a cikin gilashin taga. Kuma ka nemi izinin mai wuri da na mutanen da suke cin abincinsu kafin ka sa musu kyamara, babu mai son a ɗauke shi da loma a baki. Mayar da hoto baƙi da fari kuwa ba ya rufa wa ƙonannen bango asiri.

Yanzu ga inda zan yi faɗa sosai, wato yadda kuke neman a duba muku aiki. Hoto arba'in za ka turo, goma sha biyu daga ciki ƙofa ɗaya ce ka matsa taku ɗaya-ɗaya, sannan ka ce in faɗi ra'ayina. Zaɓe shi ne rabin sana'ar nan, ka tura mini aikinka in yi maka. Ka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, ya matse shi, ya goge bayanan da kyamara take rubutawa, in na tambayi ISO nawa ka sa sai ka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuma na ce allon nan ya ƙone, kafin in rufe baki ka fara: ai rana ce, ai sauri muke, ai direba yana ta danna oda. Duk gaskiya ne, amma wanda zai kalli hoton ba ya wurin, ba zai ji odar direba ba.

Ina faɗin haka da zafi ne saboda halina ne a da. Na taɓa kai wa wani dattijo da ya daɗe a sana'ar tarin hotuna da na wanke. Ya ɗauki na farko ya ce kwandon shara ya ja masa ido, na ce ai ba ni na ajiye shi ba. Ya ɗauki na biyu ya ce bai gane abin da nake so ya kalla ba, na yi masa bayani na minti biyar. Da ya zo na uku sai ya tattara su ya miƙo mini, ya ce: "Duk sun yi kyau, ɗana." Na fita ina murna. Sai bayan shekaru na gane cewa rufe mini ƙofa ya yi cikin ladabi, kuma abin da zai gaya mini a yammacin nan shi ne na je na koya da man mota da ba da haƙuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma a lokacin wa zai gaya mini in ji?

Yadda nake yi yanzu, in ni zan nemi gyara: ina barin hotunan su kwana biyu, domin a ranar farko daɗin tafiyar nake gani a cikinsu. Sannan in zaɓi uku, iyaka biyar. In tura su a matsayin fayil, da cikakken girmansu. In rubuta layi biyu: ƙarfe nawa ne, ta ina rana take, me ya tsayar da ni na ɗauka. In yi tambaya guda da za a iya amsawa, kamar ina idonka ya fara sauka, ko inuwar rumfar nan ta yi nauyi da yawa. Daga nan bakina alaikum, sai godiya. Ba duk gyara nake ɗauka ba. In mutum uku suka nuna kusurwa ɗaya, to akwai ciwo a wurin, ko da maganin da kowannensu ya kawo ba daidai ba ne. Yabon 'yan'uwa da abokai ina karɓa da farin ciki, amma ba na lissafa shi, ƙaunata suke yi. Wanda kuma ya ce kawai in koma da yamma, ko ya fara da tambayar wace kyamara ce, ban cika sake tura masa ba, bai kalli hoton ba.

Tambayar nan ta "me ya tsayar da kai" ita nake mayar wa duk wanda ya turo mini, kuma yawanci babu amsa. Mutum ya ɗauki gini da allo da motoci da bishiya da sama duk a hoto ɗaya, kowanne ƙarami, babu mai mulki. Alhali abin da rana tsaka take bayarwa kyauta shi ne inuwa mai kaifi kamar an yanka da almakashi, da launi mai ƙarfi, da sheƙin ƙarfe. Kwanan baya wani yaro ya turo mini talatin da biyu. Na talatin da ɗaya inuwar allon suna ce ta faɗo a kan kwalta, sai ƙafar wani mutum da za ta taka ta, da gefen jar ƙofa. Na ce masa wannan kaɗai zan riƙe. Ya ce ai wannan kyamara ce ta danna kanta lokacin da yake sauke ta.