Yadda jarka biyu za ta kai ka kwana biyu a bazarar Kano

Mu samarin Kano sai a hankali wallahi, ranar da famfo ya kawo ruwa sai ka ga yaro ya jona tiyo yana wanke mashin kamar Tiga ce a bayan gidansu, gobe kuma shi ne a bakin layi yana ƙwala wa ɗan garuwa kira. Dam ɗin Tiga tun 1974 yake nan, ga matatar Tamburawa ga ta Challawa, amma mu nan wajen Kurna da Rijiyar Lemo kura ce famfonmu, balle a Afrilu da rijiyoyi ke ja baya.

Jarka ɗaya lita 25 ce, da mai kura ya sauke ka fara ware na sha a randa ko bokiti mai murfi, ka ajiye moɗa ɗaya tak, kar kowa ya tsoma kofinsa.

Alwala kuma nan muka fi ɓarna, mutum ya cika buta fam yana hira yana tsiyayarwa. Alhali ya tabbata a Bukhari da Muslim Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, kuma ba mudun kasuwar Dawanau ba, mudun Annabi ko lita ɗaya bai kai ba. Zuba rabin buta, ka sa roba a ƙasa ta tare, abin da ya taru ka kai wa zogalen Hajiya ko ka yayyafa tsakar gida ƙura ta kwanta.

Wanka rabin bokiti ya isa in ka jiƙa jiki da kofi biyu, ka goga sabulu, sannan ka ɗauraye daga kai zuwa ƙasa. Wanki ka bari kaya su taru, fara da farare, ruwan ɗaurayarsu shi za ka jiƙa masu duhu, na kumfar kuma ka kora banɗaki da shi. Mashin tsumma da 'yar roba kawai yake so, ba ango ba ne.

Masu burtsatse a gida ku ma kar ku ce ba ruwanku, tankin maƙwabcinmu kusan kullum sai ya cika ya yi ta ambaliya cikin kwata yara na tsaye da bokitai suna kallo. In kun kunna injin ku duba minti nawa yake ɗauka ya cika, ku saita alam a waya.