Yadda ma'aurata za su shirya hutu a jirgin ruwa tare da abokai, su bar yara a hannu nagari

Mutumin Kebbi ba baƙon ruwa ba ne, domin wanda ya tashi a Yawuri ya san kogin Kwara tun yana yaro, wanda ya tashi a Argungu kuma ya sha ganin masunta suna faɗawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora. Sai dai jirgin da ake magana a kansa a nan ya sha bamban da kwale-kwalen fito, domin gari ne guda yake tafiya a kan teku, da benaye fiye da 10, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da ƙaramin asibiti, ɗauke da dubban fasinjoji. Ni da maiɗakina mun yi irin wannan tafiya ta kwana 4 tare da abokaina biyu da matansu, kuma abin da na gano shi ne daɗinta ya rataya ne a kan abubuwan da aka kammala a gida tun kafin a hango teku, wato amanar yara, da takardu, da maganar kuɗi tsakanin abokai.

A fara da yara, domin uwar da hankalinta yake gida ba za ta ji daɗin komai ba, ko da an shimfiɗa mata teku a gaban tagarta. Shawarata ita ce a kawo wanda zai kula da su cikin gidan, maimakon a kwashe su a kai su wani gida, saboda kada makarantar boko da Islamiyya da lokacin barci su rikice. Wannan ne ma ya sa na fi son a yi tafiyar ana tsakiyar zangon karatu, lokacin da yinin yaro yake cike. A nemi babba wanda yaran suka saba da shi kuma suke jin maganarsa, kamar kaka ko gwaggo, a je har gida a roƙe ta da ladabi tun da sauran watanni, kada a aika saƙo ta waya ana saura mako guda. Da na je wurin mahaifiyata da maganar, sai da ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Ku bar mani su, amma ka rubuta mani maganin ƙaramin da lokacin shansa, kuma ka gaya wa kawunsu ya riƙa leƙo mu kullum da yamma." Abin da ta nema shi ne ainihin abin da ya kamata a yi. A rubuta a takarda sunan kowane magani da awonsa, da lambar likitan da aka saba zuwa wurinsa, da wanda zai kai su makaranta ya ɗauko su, a ajiye katin asibiti a wuri sananne, a bar kuɗin cefane daban da kuɗin ko-ta-kwana. A sanar da makaranta sunan wanda aka yarda ya karɓi yaro. Idan akwai jaririn da ba a yaye ba, a ɗaga tafiyar kawai. Haka nan mai juna biyu ta lissafa watanninta da kyau, domin yawancin kamfanonin jiragen ba sa ɗaukar macen da cikinta zai kai mako 24 kafin a sauka.

Su kansu yaran a gaya musu gaskiya, a nuna musu ranar tafiya da ranar dawowa a kalanda. Fita da asuba a ɓoye don gudun kuka yana barin tabo a zuciyar yaro fiye da kukan sallama. Mai mata fiye da ɗaya kuma yana da wani nauyin a kansa, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A yi wannan magana a fili, a tsayar da yadda za a yi wa wadda ta zauna adalci, musamman idan ita ce za ta riƙe yaran gidan duka.

Abokan tafiya kada su wuce gida uku ko huɗu, kuma abin dubawa na farko shi ne ko matan suna jituwa, domin abotar maza ba ta isa ta riƙe mutum 6 a teburi ɗaya har kwana 4 ba. A zauna tun farko a faɗi abin da kowa zai iya kashewa ba tare da kunya ba. Mu karo-karo muka yi na tsawon watanni, muka damƙa wa mutum ɗaya riƙon asusun, yana turo lissafi a ƙarshen kowane wata. Abin da aka haɗa a kai shi ne kuɗin mota da otal da yawon da za a yi tare, amma tikitin jirgi da ɗaki kowa ya biya nasa da sunansa. Dalilin haka shi ne idan wani ya fasa, ko aka hana shi biza, asarar kafin alƙalaminsa ba za ta zama abin rigima ba. A yarda kuma tun a gida cewa ba dole ne a yi komai tare ba. Mu abincin dare kawai muka ɗaure wa kanmu, sauran yinin kowane miji da matarsa suna da 'yancin keɓewa, tunda dalilin barin yara a gida ke nan.

Manyan jiragen shaƙatawa ba sa tashi daga Najeriya a kai a kai, saboda haka sai an hau jirgin sama zuwa tashar da suke. Mafi shahara su ne masu tashi daga Miyami zuwa tsibiran Karebiyan, amma suna buƙatar bizar Amurka, wadda samunta ya yi wa ɗan Najeriya wuya ƙwarai, ga kuma lokacin guguwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Hanyar da ta fi wannan kusa da mu ita ce ta birnin Daban (Durban) a Afirka ta Kudu, inda kamfanin MSC yake da jirage a lokacin zafinsu, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, suna kwana 3 ko 4 zuwa gaɓar Mozambik, su tsaya a Pomene ko a wani ƙaramin tsibiri kusa da Maputo, masu dogon zango kuma su kai Morishiyos. Akwai kuma AROYA na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba a sayar da giya a cikinsa, abincinsa halal ne, kuma yana da wurin salla. Ga wanda zuciyarsa ba za ta natsu a wurin da ake shaye-shaye ba, wannan shi ne zaɓin da zan fara nuna masa.

Maganar biza ita ce inda aka fi yin tuntuɓe, saboda haka zan ɗan tsaya a kanta. Jirgin da ya tashi daga Daban ya shiga Mozambik ya fita daga Afirka ta Kudu ke nan, dawowarsa kuma shiga ce ta biyu. Wanda ya karɓi bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye ta ranar da ya sauka a filin jirgin sama, kuma ana iya hana shi hawa jirgin ruwan tun a bakin tasha, ba tare da an mayar masa da ko sisi ba. Don haka a nemi bizar shiga sau da yawa, a haɗa da takardar tikitin jirgin ruwan a cikin takardun nema. A rubuta wa kamfanin a tambaye shi abin da mai fasfon Najeriya yake buƙata a kowace tashar da za a tsaya, a ajiye amsar a rubuce, kada a dogara da "an ce" na ejan. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba. Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, wajibi ne ga mai shiga Afirka ta Kudu daga Najeriya, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A sayi inshorar tafiya mai ɗauke da jinya, domin asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kuma da tsada.

Lokacin tafiyar yana cin karo da abubuwa biyu na gida. Na farko watan azumi, wanda a waɗannan shekarun yake faɗowa tsakanin Nuwamba da Afrilu, lokacin da jiragen Daban suke aiki, sai a duba kalanda a kauce masa. Na biyu hazon hunturu, wanda yakan hana jirgi sauka ko tashi a filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi. Mu ya taɓa mu, domin mun yini a filin muna kallon sama fari fat har aka ce a dawo gobe, kuma abin da ya cece mu shi ne mun bar kwana biyu a tsakani. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. A isa Abuja ko Legas da wuri, a isa Daban aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi, a kwana a otal. A sani kuma watannin nan su ne na guguwar tekun Indiya, irin Idai da ta afka wa birnin Beira na Mozambik a Maris na 2019, kuma kyaftin yana da ikon sauya hanya ko soke tsayawa idan teku ta yi fushi.

Ɗakuna iri-iri ne: na ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga, sai mai baranda. Ga iyalinmu ina ganin mai baranda ya cancanci ƙarin kuɗinsa, saboda mace za ta sha iska ta kalli teku a sake ba tare da ta shiga cunkoson wurin wanka ba, inda shigar mutane ba irin tamu ba ce. Mai saurin jin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi, ya riƙe citta da maganin da likita ya rubuta masa. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci a manyan wuraren ci, amma yawanci bai haɗa da lemon kwalba da intanet da yawon gari ba, ga kuma tukuicin ma'aikata da ake lissafawa a kan kowane mutum kowace rana. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, kati ɗaya ake ba mutum, shi ne makullin ɗaki kuma da shi ake saye, saboda haka a tanadi katin banki na dala, a riƙa duba lissafin kowane dare.

Wajen haɗa kaya, Hajiya ta haƙura da kaskon turaren wuta da garwashi, domin duk abin da ke kama wuta haramtacce ne a jirgi, har da dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki, kuma za a ƙwace su a bakin shiga. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Kilishi da dambun nama ma a bar su, saboda ba a shiga Afirka ta Kudu da nama ba tare da izini ba. A ɗauki ƙaramar butar roba da darduma, da magungunan da ake sha a cikin jakar hannu.

Kafin jirgi ya tashi za a kira kowa atisayen ceto, a nuna masa inda zai taru da yadda ake sa rigar ruwa. An tsaurara wannan doka bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Mu da ba mu manta da hatsarin kwale-kwalen Warra na Mayun 2021 ba, ba ma buƙatar a roƙe mu mu saurara da kyau. Game da abinci, a sanar da kamfanin buƙatar halal tun lokacin sayen tikiti, a kuma maimaita wa mai kula da teburi a daren farko. Inda aka yi shakka, kifi da ƙwai da ganye da shinkafa suna nan a wadace, amma a riƙa tambaya game da miya da kayan zaƙi, domin akan sa giya a wasunsu. Salla kuwa ta matafiyi ce, ana yin kasaru, sai dai alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, don haka a duba ta a farkon kowace salla, a yi a tsaye matuƙar ana iyawa. Zauren caca yakan kasance a tsakiyar hanyar wucewa, sai a koyi wata hanyar tun ranar farko.

Ranar sauka a tsibiri, ƙananan jirage ne suke fito da mutane zuwa gaɓa, kuma akwai lokacin da na ƙarshe yake komawa. A saita agogo da na jirgi, a koma da sauran awa guda. Kiran gida kuma a tsayar masa da lokaci ɗaya a yini, a rufe datar layin Najeriya don kada kuɗin kira a teku ya cinye asusu, a yi amfani da intanet ɗin jirgi a waya ɗaya. Afirka ta Kudu da Mozambik suna gaban Najeriya da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe 9 na dare a jirgi ƙarfe 8 ne a Birnin Kebbi, daidai lokacin da yara suka ci abinci ba su kai ga barci ba.

A daren ƙarshe ake fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki, don haka a ware kayan sawa na safe da fasfo a jakar hannu, a je a tantance lissafin kati kafin layi ya yi tsawo. Kada a sayi tikitin jirgin sama na safiyar ranar sauka, domin fita daga tasha takan ɗauki sa'o'i. A cikin kuɗin tsaraba a fara ware na wadda ta riƙe yaran, a kai mata har ɗakinta tare da godiya, a zauna a saurari bayanin abin da ya faru a bayanku kafin a buɗe akwatin yara.