Kwalli, fiya-fiya da jarkar feshi: kurakuran da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara a ƙauyukanmu

Yaro ya kai shekara bakwai, ana biya masa allo ba ya riƙewa, ga saurin fushi, ga rashin zama wuri ɗaya. Sai a ce daƙiƙi ne, ko iska ce ta shafe shi. Ba duk mai irin wannan ne guba ta taɓa ba, amma da wuya wani ya tambayi abin da aka riƙa sa masa a ido tun yana zanin goyo.

Kwalli ne babban kuskure, kuma a kansa aka fi gardama. Dutsen nan mai ƙyalli da ake saye a kasuwa a niƙa, yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa labarin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Jariri zai murza ido ya sa yatsa a baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Cikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, musamman in yana da ƙarancin jini ko yana cikin yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da ba ya cutarwa, kuma abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Wannan dalmar ce ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, ta hanyar ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Tamu ba ta kisa nan take, shi ya sa aka raina ta.

Iya, na san za ki ce da shi aka rene ku. Wa ya auna abin da ya rage muku? Ni dai ban yarda a sa wa ƙaramin yaro kwalli ba, ko ranar suna ce. Mai ciki ma ta haƙura, domin dalma tana taruwa a ƙashi, ta ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi.

Na biyu maganin feshi. Daga Kadawa zuwa fadamar Haɗejiya, manomi zai gama feshin tumatir, ya ɗauraye jarkar, gobe ka gan ta da ruwan sha ko kunun yara. Haba Malam! Roba tana tsotse maganin, sabulu ba ya fitar da shi. Ka ɗauraye sau uku, kana juye ruwan cikin injin feshi, sannan ka huda gindinta yadda ba za ta sake moruwa ba. Kayan da ka yi feshi da su a wanke su daban, kuma kada ka ɗauki yaro sai ka yi wanka.

Fiya-fiya kuwa, ana yayyafa ta ƙarƙashin gado a ja ƙofa, yara na barci suna shaƙa. Jijiyoyin sauro take kashewa, irin aikin da take yi wa jijiyoyin ɗanki ke nan. Gidan sauro ya wadatar. Haka masu barbaɗa wa wake magani a ajiye buhun a ɗakin kwana: buhun PICS mai leda biyu a ciki ba ya buƙatar magani, a shanya waken ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

In yaro ya sha fiya-fiya ko maganin feshi, za a ga dalalar yawu, gumi, numfashi da ƙyar, ƙwayar ido ta tsuke. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, yana iya shaƙewa maganin ya shiga huhu. A tuɓe masa riga, a wanke jikinsa da sabulu, a nufi asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san allurar da zai yi.

Kafur a cikin kayan jariri ma a daina. Wasu jariran jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani, in ta hau kai ta bar su da kurumta ko shanyewar jiki. Jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti za a kai shi ranar, ba a shanya shi a hantsi ba.

Fasa tsohon batirin mota ko na sola a tsakar gida, dalma ce zalla ake zubarwa inda yara ke rarrafe. A yayyafa ruwa kafin shara. Tafasa ruwa ba ya cire dalma. A riƙa haɗa wa yara wake, zogale da hanta in an samu, a wanke musu hannu kafin cin abinci. Wanda aka daɗe ana sa masa kwalli, ko ake sana'ar batir a gidansu, a nemi gwajin dalma a jininsa a babban asibiti ko da ana ganinsa garau.