Koya wa Yara Darajar Gurbin Lamba da Tsinken Tsintsiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai da iyaye. Yaran ajin SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, a nan Garwa ta Kamaru da yawa suna ƙirga har ɗari da baki, amma idan aka ce su rubuta ashirin da uku sai wasu su rubuta 203, domin ba su gane cewa gurbin da lamba ta zauna shi ke ba ta daraja ba.

Shawarata ita ce a samo tsohuwar tsintsiya a kakkarya tsinkenta daidai tsawon yatsa, a bar yaro ya ƙirga goma da hannunsa ya ɗaure da zare, dami ɗaya ke nan. Sannan a zana gida biyu a ƙasa, na hagu na dami, na dama na tsinke ɗai-ɗai, da sharaɗin cewa gidan dama ba ya ɗaukar fiye da tara. Da zarar sun cika goma, sai a ɗaure a mayar hagu. Na ga wata yarinya ta riƙe dami biyu da tsinke uku, ta tsura musu ido, ta goge 203 daga allonta ba wanda ya ce mata komai. Wajen ragi ma, idan za a cire 7 daga 23, yaro da kansa zai kwance dami ɗaya.

Ina roƙon kada a fara da kuɗi, domin da dala muke lissafi a kasuwa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, kuma yaron da ya ga 100 a jikin tsaba alhali yana jin ana cewa dala ashirin, rikicewa zai yi.