Yadda zaka zaɓi mazubin dalmar birgi da kalli

Ɗan uwa in kana cikin masu fita kamun kifi Tiga ko Challawa ko Wudil daga cikin garin Kano, ko kana ɗinka birgi (ragar kifi da ake wurgawa) kana saidawa, kuma ka yanke shawarar ka fara zuba dalmarka da kanka, to kafin ka sayi dalma ko kilo ɗaya fara tsayawa kan mazubi tukuna, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar dalma ciki ta fito da siffar da ake ratayawa gindin raga, don in bai dace da igiyarka ba duk abinda ka zuba sai ka sake narka shi.

Kada ka tafi kasuwa ko gurin maƙeri haka nan. Yanko guntun igiyar gindin birgin ka sa a aljihu, ka haɗa da tsohuwar dalma ɗaya wadda ka san nauyinta yayi maka. Ramin da igiya ke bi ƙusa ce ko waya da ake kwantarwa a tsakiyar mazubin take fitar da shi, to so ake ƙusar ta ɗan ɗara igiyar kauri kaɗan kawai. In ramin yayi faɗi dalma zata dinga zamewa tana taruwa waje ɗaya, ka wurga birgi ya ƙi buɗewa sosai, kifi ya sulale ta gefen da ba nauyi, in kuma ya matse da yawa bakin ramin ne zai dinga cin igiyar a hankali har ta tsinke maka cikin ruwa. Siffa kuma ni doguwa nafi so, irin ƙwallon dabino, tafi saurin kuɓucewa inda akwai duwatsu da kututture kuma bata faɗawa idon raga kamar mulmulalliya.

Sai ƙarfen mazubin. Na alminiyon ba nauyi, yana ɗaukar zafi da wuri ga araha, amma yana saurin hucewa kuma laushi gare shi, in kana ƙwanƙwasa shi da ƙarfe kwana kaɗan bakinsa zai daina haɗuwa. Na baƙin ƙarfe yana jan lokaci kafin yayi zafi, amma in yayi ya riƙe, mai zuba da yawa shi ya kamata ya nema. Na tagulla yana fidda aiki sumul sai dai hannu zai gaji. Kowanne ka ɗauka, rufe shi ka ɗaga saitin rana ka leƙa tsakanin ɓarin biyun, in kaga haske na ratsowa dan Allah ajiye shi, ta nan dalma zata tsiyaye ta fito da fiffike mai kaifi, wannan fiffiken ne ke yanka raga. Ka duba mariƙinsa na katako ne kuma dogo. Mai gurbi huɗu zuwa shida ya ishi mai farawa, in sun fi haka kafin ka kai na ƙarshe ludayin ya fara sanyi.

Ita ma dalmar ba ɗaya bace. In irin wadda ake matsewa jikin igiyar kalli (ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale) da filaya zaka yi, sai mai laushi, wadda farce ke shata mata layi, mai tauri tsagewa take. 'Yan guntayen da ake maƙalawa jikin rim ɗin mota dalmarsu tafi tauri, tayi wa mai rami, amma ka tsince su ɗaya bayan ɗaya don wasu zink ne. Dalma tana narkewa a digiri 327, zink sai wajen 420, kaga kenan in ka ga wata na yawo a sama ta ƙi narkewa maza tsame ta, in ta narke ciki zubin zai yi gudaji ya ƙi cika gurbi. Ta batirin mota kuwa wallahi ka rabu da ita ko 'yan gwangwan sun baka a banza, ga asid ga hayaƙi mai guba.

Ranar zubin farko ka wanke maiƙon mazubin ya bushe ƙarau, ka turara cikinsa da baƙin hayaƙin kyandir, ka jingina shi gefen gawayi yayi zafi. In dalma ta fito da tamoji mazubin ne bai yi zafi ba, ci gaba da zubawa zai daidaita. Ɗigon ruwa ɗaya in ya nutse cikin narkakkiyar dalma tartsatsi take har fuska, don haka ludayi da tarkacen da zaka ƙara duk su zama busassu, ka sa tabarau da safar hannu ta fata.

A fili zaka yi, nesa da madafa da inda yara ke rarrafe, kaskon kuma ya rabu da girki har abada. Ba mu manta da 2010 ba, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ƙurarta ce ta shiga gidaje. Ka canja kaya ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro ko ka ci abinci.

In ka gama, na baƙin ƙarfe ka bari ya huce ka shafe shi da mai ka naɗe a tsumma, musamman da damina, tsatsa in ta ci cikin gurbi dalma maƙalewa zata dinga yi.